Kawu Akwati Ya Zaɓi Mai Shirya Biki

Shekara ashirin da biyu ke nan Kawu Akwati yana sayar da akwatunan tafiya a shagonsa da ke manne da na mai aski, kuma a iya sanin kowa ƙafarsa ba ta taɓa taka matakalar jirgin sama ba. Amma ka kuskura ka faɗa a gabansa! Nan take zai gyara zama ya ce maka babu ƙasar da akwatunansa ba su shiga ba, kuma duk wanda ya dawo sai ya biyo ta shagon ya ba shi labari. Saboda haka, in ji shi, ya fi matafiyan sanin duniya, tunda kowannensu ƙasa ɗaya ya gani, shi kuwa ya ji labarinsu duka.

Yadda yake ciniki ma abin kallo ne. Da ka nuna akwati ka ce kana so, sai ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa, ya hau kai da ƙafa biyu ya yi tsalle uku, ya fizgi zif ɗin kamar suna da tsohuwar gaba. In akwatin ya tsira, sai ya kaɗe hannu ya ce, "Ɗauki, wannan ya ci jarrabawa." In ya fashe kuwa, sai ya ce ai ya cece ka ne daga jin kunya a filin jirgi. Shi dai ba ya yarda da kaya sai ya wahalar da shi, kuma da wannan yake tinƙaho.

To, sai ga auren Auta ya taso, 'yar yayarsa da ya ɗauka kamar tasa tun rasuwar mahaifinta. Angon injiniya ne a wani tsibiri can ƙetare, wurin aikinsa ba sa ba shi dogon hutu, don haka aka yanke cewa a can za a yi bikin, a bakin teku. Ya turo lambobin mutum uku masu shirya biki a can, dukansu suna jin Hausa, ya ce a zaɓi ɗaya kafin Asabar, ranar da zai iso ya kawo mahaifiyarsa a zauna a ga tsarin.

"Ni zan zaɓa," in ji Kawu, tun Auta ba ta gama karanta saƙon ba. "Wa ya san ƙasar waje a gidan nan in ba ni ba?"

Yaya, mahaifiyar Auta, tana ninke wanki a kan doguwar kujera. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai da ko tashar mota sai an raka ka?"

"Rakiyar girmamawa ce, Yaya."

"Girmamawar ce ta sa bara ka hau motar da ta kai ka wani garin daban?"

"Direban ne bai san hanya ba."

Auta ta kwashe da dariya, sannan ta dafa kafaɗar uwarta. "Umma, a bar masa mana. Da Baba na raye ai shi zai yi, kuma Kawu ne a madadinsa."

Yaya ta ajiye zanin gadon da ke hannunta, ta nuna ƙanenta da yatsa. "To ka buɗe kunne. Kujerar uban amarya taka ce, tikitinka ma an tanada. Amma wallahi ka kunyata min yarinya a gaban surukanta, ƙanin ubanta ne zai zauna a kujerar, kai kuma ka kalli bikin a waya."

Maganar ta soki Kawu har ƙashi, don babu abin da yake so a duniya kamar ya zauna a kujerar nan kusa da Auta, sai kuma jirgin da zai kai shi. Amma ya shanye, ya buga ƙirji ya ce kafin Asabar za su zo suna ba shi haƙuri. A bakin ƙofa Auta ta raɗa masa cewa ta farkon cikin masu shiryawar take so, ta ga ayyukanta, ya dai gaisa da ita ya ce sun amince. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ta bar masa komai.

Ranar Litinin da hantsi ya shiga shagon mai aski, wai can sabis ya fi ƙarfi, alhali kowa ya san 'yan kallo yake nema. Ya jingina wayar da kwalbar man gashi, ya kira ta farkon ta bidiyo, ya kawo fuskarsa kusa har hancinsa ya cika allon. Mace ce mai fara'a. Ta nuna masa zaure mai kallon teku da furanni da masaukin baƙi, sannan ta ce ranar da suke so ita kaɗai ta rage mata, wasu ma suna nema, don haka a ba ta amsa yau.

Kawu ya ƙyafta wa mai aski ido. Wannan waƙar ai ya san ta, shi ma kullum yana ce wa masu saye akwati ɗaya ya rage alhali sito cike yake. Ya taɓe baki ya ce, "Baiwar Allah, ba ki shirya ba. Irinki goma ne a layi suna roƙona. Sai an jima." Ya katse.

"Kai! Don me ka yi haka?" in ji mai aski, almakashi a sama.

"Juya baya na yi. Kai ba ka san kasuwa ba? Taku uku za ka ji ta kira ni tana cewa in dawo."

Ya harɗe ƙafa ya zuba wa wayar ido. Mai aski ya gama kai ɗaya, ya gama na biyu, ya gama na biyar har da gyaran gemu. Da wayar ta yi ƙara Kawu ya bari ta yi sau huɗu don jan aji, ya ɗauka da ƙasaita, ashe wani ne da tayar akwatinsa ta fita. Sai da la'asar ta yi ya haƙura ya kira da kansa, matar ta ce ai tun azahar ta ba wasu ranar.

"To ki ce su dawo da ita."

"Yallaɓai, ba a yin haka."

"Ke ba ki gane juya baya ba ne?"

"Na gane. Shi ya sa ban tsayar da kai ba."

Masu jiran aski suka tuntsire da dariya. Kawu ya ce dama tun daga muryarta ya san ba ta da ƙwari, Allah ne ya raba su lafiya.

Ranar Talata ya kira na biyu, wani mutum mai laktaye zaune a ofis. Kawu ya ce wa jama'a su lura, yanzu zai hau kai ya yi tsalle. Ko gaisuwa bai bari sun gama ba ya fara.

"In teku ta cika ta shigo zauren, ya za ka yi?"

"Zauren a kan tudu yake, yallaɓai."

"In tudun ya zame fa?"

"Bai taɓa zamewa ba."

"Ai ranar zai fara. In jirgin baƙi ya yi ɓatan kai ya sauka wata ƙasar fa? In kek ya faɗo wa ango a ka? Tashi tsaye in ga tsayinka. Juya. To zaga teburin nan da gudu in ga saurinka."

Mutumin, da ya riga ya miƙe kafin ya farga, ya koma ya zauna a hankali. "Yallaɓai, aure za ku yi ko soja za ku ɗauka?"

"Kun ji ko? Ya fara tsagewa!" in ji Kawu yana waiwayen jama'a. Kafin ya juyo, allon ya yi baƙi. Ya sake kira, ya sake, har sau shida, lambar ta ƙi shiga, mutumin ya toshe shi.

"Zif ɗinsa ya fashe," in ji Kawu, amma muryarsa ta ɗan sauka.

Mai aski ya kashe injinsa. "Kawun amarya, saura ɗaya fa. Don girman Allah ka lallaɓa ta."

Da yamma Auta ta kira tana murna, ta ce an gama da ta farkon? Kawu ya ce ana kan gyara zance, irin waɗannan manyan ba a yi musu gaggawa. Da ya ajiye wayar sai tsoro ya kama shi sosai.

Wallahi ranar Laraba da niyyar lallaɓawa ya fito daga gida. Amma labari ya riga ya zaga layin, ya tarar da shagon mai aski maƙil, har da masu sanƙon da ba su da abin askewa. Ina zai iya sassautawa a gaban wannan taron? Ta ukun dattijuwa ce mai tabarau, da littafi da biro a gabanta. Ya jefa mata teku, ta ce akwai zaure na biyu. Ya jefa mata jirgi, ta ce akwai mai tarbar baƙi a filin. Kawu ya ga akwatin nan ba ya ko lanƙwasa, sai ya koma kan surukai.

"Angon namu fa yana da halin gudu. In ya ga taro sai ya haura katanga."

"To. Na rubuta. Sai me?"

"Uwarsa kuma masifaffiya ce, a wani bikin faranti ta jefi mutum da shi."

"Na rubuta. Sai me?"

Kai, jama'a! Uwar angon da bai taɓa ko ganin fuskarta ba! Amma kowace ƙarya ya jefa, dattijuwar sai ta rubuta ta ce sai me, 'yan kallo su yi shewa, shi kuma ya ƙara hawa. Minti arba'in yana zuba, abin da ya faɗa shi kansa bai riƙe rabinsa ba. A ƙarshe ya kaɗe hannu ya ce, "Kin ci jarrabawa. Ranar Asabar ki nuna wa dangi tsarinki."

Da ya kashe wayar mai aski ya ce, "Ka dai gaya mata gwaji ne ko?"

"Ka taɓa ganin an gaya wa akwati cewa gwaji ne?"

Ranar Asabar da hantsi falon Yaya ya sha shara da goga, an jera lemo da biskit a kan tebur. Ango ya iso da mahaifiyarsa da 'yan uwanta mata uku. Malama ake ce wa mahaifiyar, shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, bayanta a miƙe, tabaranta na rataye da sarƙa. Irin matan nan ne da in suka kalle ka sai ka duba farcenka. Ango ya haɗa wayar da babbar talabijin, ya rufe makirfon ɓangarensu don kada hayaniya ta dami mai bayani.

Kawu, cikin sabon ɗinki, ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce biyu ya gwada suka fashe a hannunsa, wannan ce ta tsira, kuma ba kowa ke da idon gane irinta ba. Auta ta zaro ido da jin cewa ba ta farkon ba ce.

Dattijuwar ta bayyana a talabijin, ta fara nuna aiki. Zaure mai kallon teku, fitilu a kan bishiyoyi, ɗakunan baƙi a ƙasa don masu ciwon gwiwa, motar da za ta ɗauko kowa daga filin jirgi. Komai tsaf. 'Yan uwan Malama suka shiga tafi, Auta ta saki fuska, har Yaya ta kalli ƙanenta ta gyaɗa kai. Kawu ya cika ya batse, kujerar ta yi masa kaɗan.

"Yanzu kuma," in ji dattijuwar tana buɗe littafinta, "sai buƙatu na musamman da kawun amarya ya ba ni. Na ɗaya, ango. Tunda yana da halin gudu in ya ga taro, na ɗauki ƙarti biyu masu gadi, ɗaya a ƙofa ɗaya a gindin katanga. Ga hotonsu."

Wasu ƙatti biyu suka cika talabijin, wuyan kowannensu kamar turmi. Ango ya ƙware da lemo.

"Na biyu, uwar ango. Tunda takan yi jifa da faranti, na sa mata na takarda, teburinta kuma a bayan ginshiƙi, taku goma sha biyu daga kowa."

Malama ta ɗauki tabaranta ta maƙala a hankali, ta juyo da su kan Kawu.

"Sabis ne," in ji Kawu. "Layi ya haɗe da na wasu." Ya yi tsalle ya fizge wata wayar wuta daga bango, fanka ta tsaya, talabijin na nan daram. Ya wafci rimot ya danna da ƙarfi, muryar ta ninka har makwabta na ji.

"NA UKU, 'YAN UWAN UWAR ANGO. TUNDA BA SA ƘOSHI, ZA A BA SU ABINCI TUN A MASAUKI KAFIN SU ISO, SANNAN A SA MUSU IDO A WURIN KEK."

Matan uku suka ajiye biskit a tare. Ango ya ƙwace rimot ɗin ya rage murya.

"Bawan Allah," in ji Malama, "mun taɓa haɗuwa da kai?"

"A'a, Malama."

"To a wane bikin na jefi mutum da faranti?"

"Gwaji ne, Malama, wallahi gwaji ne. Kamar yadda ake gwada akwati."

"Ni ce akwatin?"

"A'a, a'a! Ita ce akwatin. Ke... ke ce tsallen."

"Ni ce me?"

Malama ta miƙe, ta saɓa jakarta, ta ce wa ɗanta ya tashi su tafi, shekara talatin da biyar tana koyarwa ba a taɓa yi mata irin wannan cin mutuncin ba. Ango ya tsaya tsakanin uwarsa da amaryarsa. Kawu ya kalli Auta ya ga idonta ya ciko da hawaye, sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ba kujerar kaɗai ya jefar ba, auren yarinyar ne ke ficewa ta ƙofa.

Ita kuwa dattijuwar ba ta jin komai, karatunta kawai take. "Na huɗu, uwar amarya."

Malama ta tsaya, hannunta a kan marikin ƙofa.

"Tunda takan kwashe cokula da tawul ta zuba a jaka, na sa mata cokalin roba, an kuma gaya wa masu masauki su ɗaure tawul ɗin ɗakinta da igiya. Sannan tunda kukanta na da ƙara, kujerarta na kusa da ruwa, ƙarar teku za ta rufe."

"Ni?" in ji Yaya. Ta sunkuya ta cire takalmi. "Ni ce ɓarauniyar cokali? Ni da na goya ka?"

"Yaya, ai ke ta gida ce, kin san wasa ne!"

Malama ta saki ƙofar, ta dawo ta zauna, ta ajiye jaka a cinya. "A'a, ku ƙara muryar," in ji ta. "Ashe ba mu kaɗai ba ne."

Yaya ta bi shi, ya zaga bayan kujera, ta tare shi ta gaba, ya faɗa tsakanin 'yan uwan Malama, suka tunkuɗo mata shi. Malama ta daure, ta daure, sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta cire tabarau tana share ido. Da ta samu numfashi ta ce wa ɗanta ya buɗe makirfon.

"Baiwar Allah, ni ce mai jifa da faranti. Kowa ya samu rabonsa, to amaryar fa? Me ya ce a kanta?"

Dattijuwar ta juya shafi, ta bi layi da biro. "Abu ɗaya ne. Ya ce in wani abu ya lalace ranar, ko mene ne, a zo a gaya masa shi, kada a bari ta sani. Ya ce mahaifinta ba ya raye, ba ya so ta yi kuka ranar bikinta."

Takalmin Yaya ya sauko a hankali. Kawu ya sunkuyar da kai, shi kansa ya manta ya faɗa. Auta kuwa kukan da ta riƙe ya ɓalle mata, ta rufe fuska da mayafi.

Yaya ta yi gyaran murya. "Ni dai na faɗi sharaɗina, kuma ya karya."

"Umma," in ji Auta cikin kuka, "ba wanda zai zauna min a kujerar Baba sai shi."

"Ku bar mata kawunta," in ji Malama. "Matar nan kuma mun ɗauke ta. Duk wadda ta saurari mutumin nan minti arba'in ba ta zage shi ba, babu bikin da zai gagare ta."

Sai a nan dattijuwar ta gane abin da ya faru. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallon Kawu, sannan ta tambaya da wa za ta riƙa magana daga yau.

"Ba shi ba!" falon ya amsa baki ɗaya.

"To. Na goge farantin takarda da cokalin roba. Masu gadin biyu fa, a sallame su?"

"Bar su," in ji Malama. "Ɗaya a damansa, ɗaya a hagunsa, tun daga filin jirgi. Duk wanda ya ga zai buɗe baki ya ba shi lemo."

"Na rubuta."

Kawu ya share ido da bakin hannun riga, ya gyara hula, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Kun dai ji da kunnenku," in ji shi. "Duk bikin nan, har da angon, ni kaɗai ke da masu tsaron lafiya biyu."

A nan ne takalmin Yaya ya same shi a tsakiyar baya.